KUNUN KANWAR INNA MA'U

Shafi na 31

Ina masu zagin Inna Ma'u a ƙarƙashin shafin jiya? Ku matso kusa, musamman 'yan Babura da suka ce in kai ta kotu. Ku karanta tukuna, sannan ku zo mu haɗa ido.

*

An ba Zaharadeen kujera, bai zauna ba. Tsayawa ya yi a bayan Dakta Sadiyya ya harɗe hannuwa a ƙirji, irin tsayuwar wanda ya riga ya san amsa, jira kawai yake a faɗe ta a gaban jama'a. Ai shi ma ma'aikacin lafiya ne, shi ke riƙe da ɗan asibitin ƙauyensu can wajen Roni. Kuma shi ya raɗa wa ciwon matarsa suna tun kafin a kawo ta Kazaure: ciwon zuciyar masu jego.

Bahijja, matar tasa, na kishingiɗe an tokare ta da filo, tana numfashi sama-sama. Likitar zuciyar, wadda kan zo daga Kano jefi-jefi da 'yar na'urarta ta ɗaukar hoton zuciya, ta shafa mata wani abu mai yauƙi a ƙirji tana zagaya kan na'urar a hankali. A jikin allon wani abu fari da baƙi yana buɗewa yana rufewa.

"Ta kumbura ko, Dakta?" in ji shi. "Na faɗa musu fa. Wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, ga kunun kanwa kamar a bakin ƙwarya. Mutanenmu ba sa jin magana."

Ta dawo da na'urar wuri ɗaya ta tsaya a nan, ta daɗe. Daga nan ta goge hannu, ta yi wa Bahijja murmushi, ta ce da shi, "Malam Zaharadeen, mu je ofis."

Tana rufe ƙofa ta juyo masa da allon.

"Ka san yadda zuciyar mai jego take idan ta gaza?"

"Takan buɗe ta yi laushi, bugunta ya yi rauni."

"Haka ne. To dubi wannan. Ka ga rauni?"

Ya duba. Zuciyar na matsewa da ƙarfinta, kamar hannun mai tatsar saniya.

"A'a," ya ce, murya ta fara raguwa.

"Yanzu dubi nan, sama ta dama, inda jinin jiki ke dawowa ya shiga."

Wani dunƙule ne zaune a wurin, gefensa duk a yayyage, ya cinye fiye da rabin hanyar.

"Gudan jini ne?"

"Na so a ce shi ne. Gudan jini ba ya cin bango. Wannan ya kafa gindi ya nutse cikin naman zuciyar. Ka ga ruwan da aka zuƙo daga kewayen zuciyarta kwanakin baya?"

"Na gani. Ja ne."

"An auna shi, ba tarin fuka ba ne. Ƙari ne, Malam. Shi ya tare hanya, shi ya sa ƙafafu da ciki suke kumbura."

"Ƙari? A zuciya?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Dakta, ni tunda nake ban taɓa jin..."

"Ba kai kaɗai ba. Likita kan yi aiki har ya yi ritaya bai ci karo da shi ba. Mafi yawan waɗanda ake gani ma masu sauƙi ne, a cire a huta. Wannan dai siffarsa ba ta kwanta mini ba."

"Daji ne?"

"Ba zan rantse ba sai an sa ta a babbar na'ura a Kano, an kuma ɗebo ɗan naman an duba. Amma shi nake tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Kuma yau nake so a tafi da ita, da an yi azahar. Ruwan nan na iya sake taruwa ya matse zuciyar, ba ya ba da sanarwa."

Sai yanzu ya laluba kujerar da ya raina ya zauna. Ya daɗe yana kallon takalmansa kafin ya iya tambayar abin da ke cin sa.

"Kanwar fa? Da wankan?"

"Suna da illa, na ga matan da suka kwantar, kuma ka ci gaba da hanawa. Amma ba su suka kawo wannan ba. Ko da ruwan randa ta yi wankan jegonta, da nan za mu zo." Ta nuna dunƙulen da bakin biro. "Abin nan ya girmi jinjirinku."

Ya rasa inda zai sa idonsa.

"An ce kai ka yi ta ba ta maganin rage ruwa a gida kafin ku zo. Ya jima?"

"Ya... ya ɗan jima."

"To," kawai ta ce, ta mayar da kai ga allonta.

Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

*

A baranda ya jingina da bango, ranar nan ta dawo masa tas, ba ta rage komai ba.

Bahijja haihuwar fari ta yi, don haka aka mayar da ita rugarsu wankan gida kamar yadda ake yi. Da labari ya zo masa cewa ƙafafunta sun kumbura, ko sallama bai tsaya yi ba. Ya kutsa har tsakar gida, inda suruki ba ya takawa sai an yi masa iso. Ya tarar da Inna Ma'u, uwar matarsa, durƙushe gaban tukunyar wanka da ganyen darbejiya a hannu. Ya sa ƙafa ya ture tukunyar. Ya ɗauki ƙwaryar kunun ya sheƙar a ƙasa, kaji suka rufa a kai. Ya dubi tsabar idon matar da ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba don kunya, ya ce ita za ta kashe 'yarta da jahilci, kuma kada ta kuskura ta sake tako inda Bahijja take.

Matan maƙwabta na tsaye a bakin zana suna ji. Inna kuwa mayafi ta ja ta rufe fuska.

Da a nan ya tsaya ma da sauƙi. Ina! Mutumin naku sai da ya mayar da abin darasi. Ranar awon ciki ya tsaya gaban mata yana faɗakarwa, har da cewa wata tsohuwa nan kusa ta dafa 'yarta da ranta. Bai kama suna ba, amma wa ke buƙatar suna a ƙauyen da kowa ya san akuyar kowa? Wata ta naɗi muryar a waya. A lokacin har daɗi ya ji da aka ce ta kai har garin Gwiwa.

Yanzu ji yake da ma ƙasa ta tsage ya shige.

*

Ya tarar da Bahijja ta buɗe ido tana jiran sa. Ya gyara fuska, ya fara kame-kame.

"Dama wani ɗan hoto ne za a ƙara yi a Kano, ba wani abu..."

"Yaya Deeni, ba ka iya ƙarya ba. Kunnuwanka rawa suke."

Ya kawar da kai.

"Ba kunun ba ne ko?"

"Ba shi ba ne."

Ta lumshe ido, hawaye ya gangaro ta gefe ya shige kunnenta. Ba ta tambayi ko mene ne ba. Sai da ta tara numfashi sannan ta ce, "Na gaya maka tun cikin yana ƙarami. Na ce in na hau tudun gidanmu numfashina ɗaukewa yake. Ka ce ragwancin masu ciki ne."

"Na tuna."

"Ba gori nake maka ba."

"Na sani. Ki bari mu je Kano tukuna. Da azahar motar asibiti za ta tashi."

"Ba zan shiga ba."

"Bahijja!"

"Ba zan shiga motar nan ba sai na ga Inna. In ma yanka ni za a yi, sai ta dafa kaina."

"Ki yi wa Allah. Kafin in je Roni in shiga ruga in dawo, lokaci ya wuce. Likita ta ce..."

"Wa ya ce sai ka je Roni?"

Ta ɗaga yatsa da ƙyar ta nuna 'yar ƙwaryar da ke kan akwatin gefen gado, rufe da faifai.

"Wa kake zaton yake kawo furar nan kullum?"

"Ba daga gidanmu ba ne?"

"Mutanen gidanku a roba suke zubo abu. Dubi faifan."

Ya ɗauka. Saƙa ce matsattsiya, baƙin zare na bin ja har tsakiya. Irinsa ne jere a kan kayan ɗakin Bahijja tun ranar da aka kawo ta.

"Tun ranar da aka kwantar da ni Kawu Daudu ke ɗauko ta a babur. Tana bakin ƙofar asibiti cikin masu sayar da nono. Nas take roƙo ta shigo da ita, ta ce kada a faɗa maka. Da yamma ta tambayi ya na kwana ya na wuni, su juya."

"Me ya hana ta shigowa?"

Bahijja ta dube shi kawai.

Shi ya hana. Kuma shi ne dai kullum, in Bahijja ta kurɓi kaɗan ta ture, yake ɗauke ƙwaryar ya shanye, har yana cewa wannan fura ta yi, ba irin ta kasuwa ba ce. Sau nawa ya wuce matan nan a kan babur ɗinsa? Akwai wata a can ƙarshe da kullum take juya baya in ya taho. Ya ɗauka ko rana take gudu.

Ya ajiye faifan da hannu biyu, ya fita.

*

Rana ta take. A gindin darbejiyar da ke bakin ƙofa masu nono sun jera ƙoransu, 'yan adaidaita na kiran fasinja. Kawu Daudu, ƙanen Inna, yana zaune a kan babur ɗinsa da malafa a ka da sanda a kafaɗa. Shi ya fara hango Zaharadeen.

"A'a! Likita da kansa. An zo korar mu daga nan ɗin ma? Nan dai titin gwamnati ne."

Tun daga nesa Zaharadeen ya tuɓe takalmi. Ya taka ƙasar mai zafi har gaban matar da ta juya baya, ya zube gwiwa biyu, da farar rigarsa ta aiki da komai.

Ludayin masu nono ya tsaya. Wani ɗan adaidaita ya kashe inji don kada ya rasa komai.

"Inna, ina wuni."

Ba ta juyo ba. Mayafin ta ƙara ja. Da ta yi magana, da ƙanenta ta yi, murya ƙasa-ƙasa.

"Daudu, ka ce masa ya tashi. Mutane na kallo."

Kun ji fa. Har yanzu mutuncinsa take karewa.

"Bar shi ya sha kallon," in ji Kawu, ya sauko daga babur. "Ke da aka kalla fa? Kai, yaro, ka san abin da ka yi kuwa? Matar nan ita ta wanke rabin matan rugarmu. Tun ranar nan ko mai haihuwar akuya bai sake aiko mata ba. An yi suna gidan Sama'ilu, zana ɗaya ce tsakani, ba ta iya leƙawa ba. Muryarka na yawo a waya, har jikokinmu sun haddace. In ta je rijiya sai mata su yi shiru."

"Kawu, na yi kuskure."

"Kuskure? Kuskure shi ne ka taka mutum a kasuwa. Da ba ta riƙe mini riga ba ranar, da kai ma gado za a ba ka a asibitin nan."

"Daudu," in ji Inna.

"Ba zan yi shiru ba! Abinci ba ta ci. Ta fasa tukunyar wankan da hannunta. Kullum tana kan buzu tana neman gafara, wai ta kashe..."

"Ba ita ba ce!"

Da ƙarfi maganar ta fito daga bakin Zaharadeen, har shi kansa ya firgita. Ya sunkuyar da kai, amma bai rage murya ba. A gaban mutane ya ɓata ta, bai ga dalilin da zai wanke ta a ɓoye ba.

"Inna, ba ku ba ne. Wallahi ba ku ba ne. Likitar zuciya ta zo daga Kano ta duba. Ba kunu ba ne, ba wanka ba ne. Wani ƙari ne ya fito mata a cikin zuciya, tun kafin ta haihu yake nan. Ni ne ban gane ba. Ni na riƙe ta a gida ina ba ta magani a kan abin da ba shi ba ne. Ni na ɗora muku, don ina ganin na yi karatu. Ku yafe mini, Inna. Zan je rugar in faɗa a gaban kowa, zan sake naɗar wata muryar in aika duk inda waccan ta je."

Wata tsohuwa cikin masu nono ta ce, "Allahu akbar." Kawu Daudu ya sauke sandarsa ƙasa, bakinsa a buɗe.

Zaharadeen ya jira. Ya zaci kuka, ko hamdala, ko ma zagin da ya cancanta. Inna dai ba ta motsa ba. Yatsunta kawai ke murza bakin mayafi.

Can ta ce, "Daudu, tambaye shi. Ciwon da ya ce na sa mata, na kanwar, ana warkewa?"

Kawu ya dube shi.

"Ana warkewa, Inna. Da yawa suna tashi, in an samu magani."

"To wannan ɗin fa?"

Ya buɗe baki. Ya tuna yadda Dakta Sadiyya ta tsayar da na'ura wuri ɗaya ta daɗe. Ya nemi ƙaryar da zai yi, ya rasa.

"Sai an je Kano an duba," ya ce da ƙyar.

Sai ga Inna Ma'u ta juyo. Ta sauke mayafin daga fuskarta, abin da ba ta taɓa yi a gabansa ba tun ranar da ya fara zuwa gaisuwa. Ta rame har ƙasusuwan kumatunta sun fito. Ta dube shi ido cikin ido, kuma babu ko ɗigon fushi a ciki. Shi ya fi kashe shi.

"Da ma ni ce," ta ce.

"Inna..."

"Kullum ina zaune a nan ina cewa, tunda ni na yi, an raba ta da ni, za ta tashi. Da shi nake iya haɗiye ruwa. Ka zo ka karɓe." Muryarta ta karye. "Da ka bar mini laifina, ɗan nan. Da ma ni ɗin ce."

Zaharadeen ya kifa goshi a ƙasa ya fashe da kuka, irin na yara, har da shessheƙa. Ba wanda ya yi dariya.

"Ta ce ba za ta shiga motar Kano ba sai ta gan ku," ya faɗa cikin kukan. "Ta ce sai kun dafa kanta."

Inna ta miƙe. Ko takalmanta ba ta nema ba.

Ku da ba ku san Fulanin wajenmu ba, bari in gaya muku. Bahijja ce 'yar fari a wurin Inna. Tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, kakarta ce ta goye ta. "Yarinyar nan" take cewa, ko "waccan". Ranar da aka kai ta ɗakin miji ma, Inna bayan garke ta zagaya ta yi kukanta ita kaɗai.

Wannan matar ce yau take keta farfajiyar asibiti da sassarfa, kai ba mayafi, Zaharadeen da Kawu na bin ta a baya.

Suna shan kwanar ɗakin mata wata nas ta wuce su a guje da tire a hannu. Wata ta biyo ta tana jan tukunyar iskar numfashi. Zaharadeen ya ga gadon da suka nufa, na Bahijja ne.

An ja labule an zagaye shi. Daga ciki muryar Dakta Sadiyya ke fitowa, ba irin ta ɗazu ba.

"Ruwan ya dawo. Ku ɗaga mata kai. Miƙo min doguwar allurar, yi sauri! Kowa ya tsaya waje!"

Nas ta tare su da hannu. Inna ta tsaya cak a gaban labulen, tafin ƙafarta duk ƙura. Ta ɗaga hannu kamar za ta yaye, ta fasa. Leɓɓanta suka yi ta motsi, kamar mai koyon magana.

Sannan, a gaban surukinta, a gaban ƙanenta, a gaban duk matan da ke kwance a ɗakin, ta ɗaga murya.

"Bahijja!"

Ɗakin ya yi tsit.

"Bahijja, ga ni. Innarki ce."

Daga bayan labulen ba a amsa ba.